Shekarar da Na Zama Hauni

Hadiza ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Na gaya mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa mata zuma.

Na san abin da ake gaya muku a Agege. Wasu sun ce an kore ni daga mayanka saboda na saci nama. Wasu sun ce na sayar da addinina ga masu fim. Yayanku, wanda ba na kama sunansa, ya girma da ta biyun a cikinsa, har yau in muka zauna idonsa ba ya daɗewa a fuskata. Yanzu kuma jikoki suna kawo mini waya, wai ga ni a ciki, wai mutane suna ta yabon wani guntu na tsohon fim ɗin, suna cewa ashe ko yaron mugu yana da zuciya. Masu zagin da masu yabon, babu wanda yake wurin. Ni ina wurin. Ga yadda aka yi.

A bayan tirelar shanu na shigo Legas, gemu bai fito mini ba. Shekara tara ina riƙe da igiya a mayanka, aikina kayar da sa. Tabon da kuke gani daga kunnena na hagu zuwa haɓa, ƙahon wani bijimi ne, ba faɗa ba. Bayan shekara taran ne Alhaji Bawa, babban mahautan rumfarmu, ya kira ni ya ba ni wuƙar yanka. Wanda bai san mayanka ba ya ɗauka duk mai wuƙa ɗaya ne. Ba haka ba ne. Masu fiɗa suna da yawa, masu sara suna da yawa, masu wanke kayan ciki sun fi kowa yawa. Mai yanka kuwa ba ya wuce ɗaya ko biyu a rumfa, domin a hannunsa nama yake halatta ko ya haramta. Mutum zai sayi tsoka a Ojota ko Isolo ya kai wa iyalinsa, bai san sunanka ba, amma da amanarka yake ci. Ranar da Alhaji ya ba ni wuƙar bai yi doguwar magana ba.

"Ka shayar da shi kafin a kayar. Kada ya ga wuƙa, kada ka wasa ta a gabansa. Ka kwantar da shi ta hagu, ka fuskantar da shi gabas, ka rufe masa ido da tafin hannunka, ka ambaci Allah, ka yi sauri. Abin da ke ɗaure kuma ba a shurinsa."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yin haka, kowace safiya, har ya zama ba ni nake yi ba, hannuna ne.

A lokacin muna zaune a gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa, rabi Hausawa rabi Yarabawa. Uwarku haifaffiyar Agege ce, kakanta sojan Turawa ne da ya zauna bai koma gida ba. Yarabanci a bakinta kamar ruwa, ni kuwa na ciniki kawai na iya. Ta fi ni magana, ta fi ni wayo, wannan ban taɓa musu ba. Ba ta taɓa zuwa mayanka ba, ta ce ƙarnin da nake kawowa gida ya ishe ta.

Abu ɗaya nake yi wanda ba aiki ba ne ba salla ba, shi ne kallon fim. Ranar Lahadi bayan la'asar nakan je silima, daga baya da kaset ya shigo muka koma kallo a ɗakin maƙwabci. Na fi son tsofaffin finafinan sarakuna da takubba. Kowa yana kallon jarumi ko mugun sarki. Ni idona yana kan ƙaton nan da yake tsaye a bayan mugun, wanda ake yi wa nuni da yatsa ya je ya kamo mutum. Ba shi da suna. Ba ya magana. Ƙarshensa jarumi ya soke shi a bakin ƙofa ya tsallake gawarsa, jama'a su yi tafi. Nakan ce a raina, wannan ma ai uwa ce ta haife shi. Da safe ya karya kumallo. Wataƙila yana da ɗa mai zazzaɓi a gida. Amma ban taɓa gaya wa kowa wannan tunanin ba, don za a yi mini dariya.

Wata rana wani Bayarabe mai shirya fim, Oga Tunde, ya zo mayanka neman fatu da ƙahoni na kayan wasa. Ya ga fuskata, ya manta da fatun. Ya ce fim zai yi a kan yaƙe-yaƙen garuruwansu na da, akwai wani azzalumin sarkin yaƙi mai bawa ɗan Arewa, hauninsa, mai sare kan duk wanda aka yanke wa hukunci. Ya ce ya yi wata uku yana neman fuska irin tawa. Kada wani ya gaya muku yunwa ce ta kai ni. Muna ci muna sha. So nake a gan ni. Shekara ashirin ina cikin jini da kashin shanu, wani ya dube ni ya ce fuskata tana da amfani. Na tambayi Alhaji Bawa, ya ce wasan banza ne amma bai hana ba. Uwarku ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce Allah ya sa kada na'urar ɗaukar hoton ta fashe. Isuhu, wani mai fiɗa a rumfarmu, shi ma aka ɗauke shi cikin mayaƙa.

Wani ƙauye aka kai mu bayan Ikorodu, inda suka kafa bukkoki. Aka sa mini jar riga, aka rataya mini layu na ƙarya cike da tsumma, aka ba ni takobin katako da aka shafa wa fenti. Magana babu. Aikina in zare ido, in kori mutane da bulalar roba, in tsaya bayan sarkin yaƙi. Na yi, kuma na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Mutane suna gudu suna ihu, Oga ya ce a tsaya, mu duka mu fashe da dariya, mu je mu ci shinkafa.

A can na san Baba. Kowa Baba yake ce masa, ban taɓa tambayar sunansa ba. Tsoho ne, siriri, kansa fari fat, ya daɗe a harkar wasa tun ana yi a dandali. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin jirgin ƙasa daga Iddo zuwa Kano, saboda haka yana da Hausa, karyayya amma mai daɗi. Mala yake kirana. Kullum sai ya fasa goro ya ba ni rabi, ya ce in ci in ƙara ƙarfi tunda ni zan kashe shi. Shi ne yake fitowa a dattijon garin da aka ci da yaƙi, wanda ya ƙi durƙusa wa sarkin yaƙi.

Ranar da za a ɗauki kisan, Oga Tunde ya yi mini bayani sau uku, da Turancin buroka da hannu. Baba zai kasance a ɗaure a tsakiyar fili. Akwai ƙwaryar ruwa a gabansa. Zai miƙa wuya yana neman ruwan. Ni in zo in shure ƙwaryar, in shure shi a ƙirji ya faɗi, in yi dariya, in ɗaga takobi. Shi ke nan. Na ce na gane. Kuma na gane ɗin.

Amma tun hantsi aka ɗaure tsohon. Aka ɗauki sarkin yaƙi yana surutu, aka ɗauki mata suna kuka, injin wuta ya mutu aka gyara, shi yana nan durƙushe a rana da igiya a hannu. Da aka zo kaina rana ta take tsaka. Oga ya daka tsawar farawa. Na taho. Na ga abu a ɗaure, leɓensa ya bushe, haƙarƙarinsa yana hawa da sauka, idonsa yana kan takobin da ke hannuna. Daga nan ban san na yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Hannuna ya mai da takobin bayana inda ba zai gani ba. Na tsuguna na ɗauki ƙwaryar na kafa masa a baki, na tallafi ƙeyarsa har ya ƙoshi. Na taɓa ƙullin igiyar na ji ya ci nama, na sassauta. Na duba na gane gabas. Na juya shi, na kwantar da shi ta hagu a hankali. Na rufe masa ido da tafin hannuna. Na ɗaga takobin. Bakina ya ce bismillahi, Allahu akbar.

Sai da kalmar ta fita na ji ta. Sabo turken wawa.

Na ji tafin hannuna ya jiƙe, ashe tsohon kuka yake yi na gaske. Oga bai tsai da na'ura ba sai da aka daɗe. Da ya tsayar, ya taho da gudu ya rungume ni, yana ta zuba Yarabanci. Matan da aka ɗauka don su yi kukan ƙarya suna share hawaye. Baba ya tashi zaune ya ce, Mala, sau arba'in ana kashe ni, ba a taɓa kashe ni da mutunci haka ba. Kowa ya yi dariya. Na waiwaya na ga Isuhu a cikin mayaƙa, da mashinsa na kara. Shi bai yi dariya ba. Shi ya san abin da ya gani.

Ban ga laifin Isuhu ba da ya kai labari. Da ni ne a wurinsa da na kai. Kwana biyu da dawowarmu Alhaji Bawa ya kira ni bayan azahar, a ƙarƙashin rumfa, da dattawa uku. Ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Ya ce in fara da istigfari a kan sunan Allah da na ambata a wuyan ɗan Adam cikin wasa. Na ce na yi tun a can, kuma ina kan yi. Sa'an nan ya ce abin da har yau ban iya cewa ƙarya ne ba. Ya ce mu baƙi ne a garin nan ko mun shekara ɗari. Ya ce lokacin ba mai daɗi ba ne, ƙaramar magana a tasha takan zama wuta kafin magariba. Ya ce mutanen da za su kalli fim ɗin nan su ne masu sayen namanmu.

"Za su ga dattijonsu a kwance ta hagu, fuska gabas, hannun Bahaushe a idonsa. Yau za su yi kuka su ce ka ji tausayinsa. Gobe wani zai zo mayanka ya ga yadda muke yi wa sa, ya ce ashe haka suka ɗauke mu. Da ka shure shi ka yi dariya, da mugun fim ne kawai, kowa ya san ƙarya ce. Wannan kuwa yankanmu ne na gaskiya ka kai musu. Ka je a cire shi duka, daga ruwan har takobin. In bai fita ba, ba za ka ƙara yanka a rumfata ba."

Na ce to.

Da uwarku muka je, don ta yi mini tafinta. Ofishin Oga Tunde wani ɗaki ne a saman bene a Isolo, cike da wayoyi da akwatunan talabijin. Muka tarar da Baba a can yana shan shayi. Uwarku ta yi bayani, ta yi shi da kyau, har da durƙuso irin nasu. Oga ya riƙe kai. Ya ce wannan wurin shi ne ran fim ɗin. Ta ce ran fim ɗinsa bai kai abincin 'ya'yanta ba. Suka yi ta yi. A ƙarshe ya sauko, don ba mugun mutum ba ne. Ya ce kalmar da na faɗa zai rufe ta da ƙarar ganga, wannan mai sauƙi ne. Sauran kuwa ba ya yankuwa, domin dole a ga mutuwar dattijon. Ko dai a bar shi yadda yake, ko mu koma ƙauyen ranar Asabar, yini ɗaya, in yi yadda aka rubuta. Shuri, dariya, takobi. Ya ce zaɓi nawa ne, ba zai tilasta ni ba.

Uwarku ta juyo da murna ta ce an gama, Asabar ce kawai. Baba ma ya sa baki. Ya buga ƙirjinsa ya ce, Mala, ka zo ka shure ni, ƙirjin nan ya sha shuri, akwai matashi da ake sa mini a ƙarƙashin riga, ko zafi ba na ji. Ya ce kada in rasa aikina saboda tsohon da ya kusa kabari.

Na dube shi. Na ga igiyar a hannunsa ko da yake babu ita. Na ce a rufe kalmar da ganga, sauran a bar shi.

Uwarku ba ta fassara ba. Ta ce mini in sake faɗa. Na sake. Oga ya gane ba tare da tafinta ba.

A cikin danfo, motar haya, muka kama hanyar gida har muka wuce Oshodi. Sa'an nan ta fara, ƙasa-ƙasa, don kada fasinjoji su ji. Ta ce wasa ne. Ta ce takobin katako ne, layun tsumma ne, tsohon da kansa ya roƙe ni. Ta ce na kori mutane da bulala kwana goma ban ji komai ba, sai yau na zama waliyyi. Ta ce 'ya'ya huɗu, na biyar a ciki. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na ce mata waɗanda na kora a tsaye suke, suna da ƙafar gudu.

"Malam, shurin ƙarya ne fa."

"Ƙafar tawa ce."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ba ni da bakin bayani, har yau. Abin da na sani shi ne kaset ba ya mutuwa. Na san wata rana ku za ku zauna ku kalla. In kun ga ubanku da jar riga yana zare ido, za ku ce wasa ne. In kun ga ya shuri tsoho ɗaurarre yana dariya, za ku ce wasa ne da baki, amma wani abu zai zauna a cikinku. Ni ma zai zauna a cikina. Shekara ashirin sa yana karya mini yatsu, yana watsa mini kashi a fuska, ɗaya ya tsaga mini kunci, ban taɓa ɗaga ƙafa na rama a kan wanda aka ɗaure ba. Ba ni da gida, ba ni da karatu, ba ni da sarauta. Wannan kaɗai nake da shi. Akwai taurin kai a ciki, na yarda. Hadiza, rubuta wannan ma.

Washegari na je wurin Alhaji Bawa na gaya masa yadda aka yi. Ya ce ganga za ta rufe murya, ba za ta rufe leɓe da hannu ba, duk mahaucin da ya kalla zai karanta. Ya tambaye ni sau biyu ko zan koma ranar Asabar. Sau biyu na ce a'a. Na kwance wuƙar da kubenta daga ƙuguna na ajiye a kan tabarmarsa. Bai taɓa ta ba sai da na juya. Ya ce igiya tana nan in ina so, ba a kore ni daga mayanka ba. Ku ji wannan da kyau. Ba a kore ni ba, kuma ko ƙashi ban taɓa ɗauka ba. Ni ne ban iya komawa kayar da sa wani ya yanka ba, a gaban waɗanda na koya wa aiki. Girman kai ne. Na tafi kasuwar Mile 12 na zama ɗan dako. Buhun albasa, kwandon tumatir, daga bakin mota zuwa rumfa. Ina da shekara kusan arba'in na fara. Wuyan nan da ba ya juyawa, a can na samo shi. Islamiyyar kuɗi da yayanku yake zuwa, a shekarar aka cire shi. A makarantar da ya koma ana ce masa ɗan hauni, ya yi ta dambe har aka fasa masa haƙori. Wannan ni na jawo masa, ba Alhaji Bawa ba, ba Oga Tunde ba. Ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba. Ga shi ina bayarwa a takarda.

Wata huɗu uwarku tana ajiye mini abinci ba ta zama. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙara kwanon waina da take soyawa a ƙofar gida, ta ƙara da ƙosai da yamma, da tsohon ciki.

Sai kaset ɗin ya fito. Wani maƙwabcinmu Bayarabe, direba, ya sayo, ya fito da talabijin ɗinsa tsakar gida ranar Lahadi bayan la'asar. Gidan duka ya taru, har da na maƙwabta. Ni ina daga baya a kan turmi. Duk inda na fito da bulala yara su yi ihu su waiwayo su dube ni. Da aka zo wurin, hayaniya ta mutu. Na ga kaina na ɓoye takobi. Na ga kaina na tsuguna. Ban taɓa ganin hannuna yana aiki ba sai ranar. Ganga ta rufe kalmar, amma leɓena ya motsa, kowa ya gani. Matan Yarabawa suna ta sharɓe, wata tsohuwa ta taso ta dafa kaina tana sa mini albarka. Mazan Hausawa babu wanda ya ce uffan. Malam Hudu tela, mai ɗaki na farko, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya kira iyalinsa ciki. Abin da Alhaji ya ji tsoro, wutar nan, Allah bai kawo ta ba. Amma ba don ya yi kuskuren lissafi ba. Sa'a ce kawai.

Uwarku ta shige ɗaki tun kafin fim ya ƙare. Na bi ta. Tana zaune a bakin gado, hannu a kan ciki.

"Haka kake yi musu?"

"Su wa?"

"Shanun."

"Haka."

"Kowace rana? Har da ruwan?"

"Har da ruwan."

Sa'an nan ta ce shekara goma sha huɗu tana wanke jini daga rigata, ba ta taɓa tambayar yadda yake zuwa ba. Ta ce har yanzu tana ganin wauta na yi. Ta tashi ta zubo tuwo, ta zauna muka ci tare.

Babbar salla ta zo bayan wata biyu. A da, duk ragon da ke gidan nan ni nake yankawa, har daga wasu gidaje ake jawo su. A shekarar babu wanda ya yi mini magana. Malam Hudu ya ɗauko wani daga masallaci ya yanka wa kowa. Uwarku tana da tunkiya da ta haifa mata ɗan rago, ta yi shekara tana kiwonsa a bayan gida da dusa da ɓawon wake. Da mutumin ya gama da na kowa ya ce a kawo na gaba, ta ce nata ba yanzu ba. Sai da ya wanke hannu, mutane suna tsaye a tsakar gida ana fiɗa, ta jawo ragon da kanta, jaririya a baya. Hadiza, ke ce. Ta je ta ɗauko wuƙar girkinta, wadda ta ba mai washi tun jajibere ban sani ba, ta miƙo mini ta ƙota. Malam Hudu ya ce mata, cikin ladabi, ai ga malam nan bai tafi ba, kada ta sa layyarta a cikin shakka. Ta ce masa ta gode, amma ta ga yadda mijinta yake yanka, kuma ba ta ga wanda ya fi shi ba. Ta kawo ruwa a kwano. Na yanka.

Da yamma ta kasa naman a faranti, ta aika kowane ɗaki kamar yadda aka saba. Yarabawa suka karɓa. Ɗakunan Hausawa biyar, uku suka karɓa, biyu suka dawo da farantin a rufe yadda ya je. Ta karɓa, ta soya muka ci. Shekara ta zagayo ta sake kiwo, na sake yankawa, ta sake aikawa. Naman ya sake dawowa. Na ce ta daina wulaƙanta kanta. Ta ce ba ni ta tambaya ba. A shekara ta shida ɗaya daga cikin biyun ya dawo da faranti a wanke, da goro uku a ciki.

Mayanka ban koma ba. Alhaji Bawa ya rasu, na bi gawarsa, na ɗauki makara, ban riƙe shi da komai ba. Wuƙar yanka ta gaske ban ƙara ɗaura ta ba. Rago ɗaya a shekara, da wuƙar girkin uwarku, shi ne ya rage mini daga sana'ata.

Malam Hudu kuwa shekara goma sha tara muna gida ɗaya bayan wannan. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya, shi ya ɗinka muku kayan salla. Kowace layya farantin yana zuwa ɗakinsa, kowace layya yana dawowa a rufe. Har ya koma ga Allah bai ci yankana ba. Uwarku kuma har ta koma ba ta fasa aikawa ba.